Kada Ka Huda Bango Sai Ka Hau Benen Mata

Abba! Abba na, kana ina yanzu? Na san dai kun wuce Zariya, in direban bai tsaya lodin masara a hanya ba. Assalamu alaikum. Allah ya kai ka Kaduna lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki. Ɗazu ina shara na ɗaga murya na ce Abba zo ka jaye min buhun nan, sai da na sake kira kafin na tuna ka tafi. Shi ne na ajiye tsintsiya na zauna bakin rijiya na ɗauki waya.

Ka yi haƙuri da rubutun, ka san karatuna bai yi nisa ba, yadda zan faɗa da baki haka nake dannawa. Kuma kai ɗan fari ne, sunan mahaifina gare ka, akwai maganar da ba zan iya zama in kalli idonka in yi ba. Da safe na so in yi. Na buɗe baki sai na ji na ce ɗauki ƙuli-ƙulin nan, ka gaida mutanen Kaduna. Haka motar ta tashi.

Jiya da la'asar ina tankaɗe na ji kana waya da abokin aikinka. Ba laɓe na yi ba fa, muryarka ce irin ta babanka, ko raɗa kake yi ana ji har zaure. Na ji ka ce masallacin Juma'ar nan da kamfaninku ya damƙa maka, aikin farko da kai ne gaba, ka zana komai a takarda, har da ƙananan sifiku da talabijin a bene inda mata za su riƙa sallah. Sai Alhajin da ke shugabancin kwamiti ya sa biro ya soke na saman. Ya ce a tara manyan a gaba kusa da mumbari, sauran a kai hasumiya gari ya ji, mata ai za su jiyo daga ƙasa. Kai kuma ka ce masa to Alhaji. Na ji ka ce Litinin za ku fara huda bango, kuma so ake a buɗe kafin azumi. Da dare na kawo maka abinci. Tuwon ma rabi ka ci.

Abba, zanenka daidai ne. Ka fi ni sani nesa ba kusa ba, ni ko sunayen kayan naku ban iya faɗa ba. Ba aikin zan koya maka ba. Wannan "to" ɗin da ka ce ne ya hana ni sukuni, don ni ma na taɓa faɗinta.

Ka san yadda na shiga sana'ar nan. Babanka, Allah ya jiƙansa, shi ke da lasifika da amfilifaya da janareta yana ba da haya, daga nan Makarfi har Ikara har Kudan. To taron mata a cikin gida namiji ba ya shiga, sai ya tsaya a zaure ya miƙo min kan waya ni in ja in shige da ita. Haka na koya, yana daga waje yana ta ihu, ja ɗin a ja, baƙin a baƙi, ke Hansai kada ki ƙona min kaya! Da ya rasu kayan suka zama nawa, mutane kuma ba su daina zuwa ba.

Aikin farko da na yi ni kaɗai wani suna ne a Kudan. Na je tun da hantsi, tsakar gida fayau ba kowa sai kaji. Na haɗa komai, na busa makirfo, na ce assalamu alaikum, wallahi murya tas kamar a rediyo. Na ce kai, ashe abin ba wuya. Na je na zauna ana ba ni kunu ina ta fankama. Bayan azahar mata suka cika gidan, kowa da hijabi da goyo, ga masu daka a gefe, ga tukwane, ga yara. Malama ta karɓi makirfo za ta yi nasiha, sai ka ga bakinta na motsi ba ka jin komai. Jikin mutane da tufafi sun shanye muryar. Ni da dabarata sai na murɗa abin ƙara murya har ƙarshe. Malamar kuwa tana tsaye daidai gaban sifika. Abin ya yi wani ƙiiii, jaririyar da ake wa suna ta tsandara kuka, wata tsohuwa ta zubar da kwanon waina ta ce la'ilaha illallahu. Wata daga baya ta ce, Hansai, aljanun mijinki kika zo mana da su? Aka yi ta dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun ranar na gane wuri in ba kowa ƙarya yake yi maka. Masallacin nan naku yanzu fanko ne, ga tayil ga siminti, ko tari ka yi a ƙasa za a ji a sama. Shi ya sa Alhaji yake ganin za su jiyo. Bari a shimfiɗa kafet, a kunna fankoki, jama'a su cika ƙasa maƙil, sama kuma mata da jarirai. Ranar ce ranar da za ka yi wa aiki, ba ranar da kai da magina kaɗai ne a ciki ba. Kuma in murya ba ta kai wuri ba, ƙara mata ƙarfi ba ya kai ta, sai dai ka kurmantar da na sahun gaba. Kai wa ta sahun baya sifika kusa da kunnenta, ko ƙarama ce.

Akwai kuma wani karo a Ikara, wata Islamiyya ta matan aure suna bikin ƙarshen shekara. Wannan karon na yi wayo, na je tun ana gobe na duba wurin, na ga inda rana ke faɗowa, na kai janareta can bayan katanga don kada ƙararsa ta shiga makirfo, na bi da waya ta jikin bango don kada wata ta harɗe. Ranar bikin na haɗa kaya, komai ya yi kyau. Sai na tuna na bar wake a wuta a gidan ƙanwata, na ce wa shugabar makarantar ina zuwa yanzu. Ban nuna mata komai ba. Ina fita batirin makirfo ya mutu. Baiwar Allah ta ɗauka wani abu ne ya lalace, ta bi maɓallan nan kaf tana murɗawa, wannan hagu wannan dama. Na dawo na tarar ana taro da baki, kayana na gefe an lulluɓe su da zane kamar marar lafiya. Ta ce min, Maman Abba, ai mun ga ya gaji ne muka bar shi ya huta. Sabon batir kuwa yana cikin jakata, a kafaɗata, na tafi da shi duba wake.

To kai ma ranar da ka gama ba ranar da ka ɗaure waya ta ƙarshe ba ce. Kai za ka tattara ka tafi wani aikin, ladan ne zai zauna da kayan safe da yamma, wataƙila dattijo ne da ido ya fara rauni. Zaunar da shi. Ka nuna masa da Hausa, ba da turancin nan naku ba. Wanda zai taɓa ka sa masa alama babba, wanda bai kamata ya taɓa ba ka rufe shi a akwati. Ka sa shi ya kunna ya kashe da hannunsa kana tsaye, ka kashe wuta da gangan ka ga me zai yi. Kada ka ji kunyar maimaitawa. Ka bar masa lambarka.

Yanzu ga wadda na zauna rubutun nan dominta. Yatsana har ya fara ciwo amma sai na gama.

A Likoro ne, walimar saukar Alƙur'ani ta wata yarinya Rabi. Uwarta ta rasu tun tana goye, kakarta Iya Dije ce ta raine ta. Iya Dije da kanta ta aiko a kira ni, ba mazan gidan ba. Da na je duba wuri ta kama hannuna ta ce, 'yar nan, ni ban yi karatu ba, ko Fatiha sai da na tsufa na gyara. Yarinyar nan kullum ina jin ta tana haddarta a ɗaki, amma so nake in ji ta a lasifika gaban malamai, in ji da kunnena. Ƙafarta ta riga ta ƙi, ba ta iya zuwa ko zaure sai an riƙe ta. Na ce Iya kwantar da hankalinki, har numfashinta za ki ji.

Yadda aka tsara, Rabi za ta yi karatu a zaure gaban malamai, maza na waje ƙarƙashin darbejiya, mata na cikin gida bayan katanga. Lasifika biyu gare ni masu faɗin baki irin na masallaci. Niyyata ɗaya waje, ɗaya in ja ta ciki in rataye a jikin rumbu kusa da tabarmar Iya. Wayar da za ta kai ma na zo da ita, na auna da igiya tun zuwan farko.

Da safe ina cikin warware waya sai ga mai gidan, Malam Idi, ɗan Iya Dije, baffan yarinyar, dattijo mai kwarjini, gemu fari tas. Ya ce, a'a, wannan ta ina za ta? Na durƙusa na ce ciki Malam. Ya ce haba, duka biyun a ɗaure su a darbejiya su kalli hanyar kasuwa, yau ranar farin ciki ce, so nake duk Likoro ta san an yi sauka a gidan nan. Na cikin gida ai ga su ga zaure, ko ba lasifika za su ji.

Abba, na san ba haka ba ne. Na san lasifikar nan gaba take jefa murya, wanda ke bayanta sai dai ya ji gunji. Ga katanga, ga hayaniyar girki. Na sani sarai. Amma ga dattijo tsaye, ga maza sun fara taruwa suna kallo, ni mace, kuma takaba ban daɗe da fita ba. Na ji nauyi. Na ce to Malam. Aka hau aka ɗaure.

Na koma ciki na zauna kusa da Iya Dije. An yi mata wanka, ta sa sabon zane, har da kwalli. Can muka fara jin wuu wuu daga waje kamar ana magana cikin tulu. Iya ta ce, an fara ne? Na ce malamai ne ke addu'a. Ta gyara zama ta tura ɗankwali bayan kunne. Mata na ta kai da kawo da kwanuka, wata na kiran a kawo ludayi. Iya ta ce ku yi shiru mana jikata za ta yi karatu. Aka ɗan yi shiru, ba abin da ya ƙaru sai gunjin nan. Na tashi na leƙa zaure, cike yake da malamai har bakin ƙofa, ba ta inda mace za ta ratsa, balle a ce a sauko da lasifika daga bishiya ana tsakiyar karatu. Na dawo na zauna. Ta sake cewa, 'yar nan, ita ce wannan? Na kasa kunne iya ƙarfina, wallahi ban iya rabe muryar Rabi da ta kowa ba. Na ce ina jin ita ce Iya.

Sai kawai muka ji maza sun ɗauki kabbara, wata a bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa. An gama.

Iya Dije ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi. Da yamma masu dawowa daga kasuwa suna shigowa barka, kowa na cewa kai yarinyar nan akwai murya, har bakin tasha muna ji, wata ta ce ita a gona ta ji ta ajiye fartanya. Iya na ta murmushi tana cewa Alhamdu lillahi. Da zan tafi ta sa aka ƙulla min waina, ta ce, 'yar nan, kin ji wai har tasha an ji. Sun ce ta yi daɗi. Daga baya Rabi ta zauna gabanta ta maimaita mata a ɗaki, amma ai wannan kullum tana ji. Abin da ta roƙa ba shi ke nan ba. Damina ba ta fita ba Allah ya yi mata rasuwa.

Da na je gaisuwa, Malam Idi na zaune a zaure, na durƙusa na yi masa ta'aziyya. Shi ya ɗauko zancen da kansa, ya ce Alhamdu lillahi ko ba komai ta ji saukar jikarta kafin ta tafi. Ban san lokacin da na ce, Malam, ba ta ji ba. Na gaya masa yadda aka yi. Dattijon nan ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, Hansai, me ya hana ki gaya min? Ni tunda nake ban taɓa zama cikin gida ana taro ba. Ina zan san abin da ake ji a can? Ke ce mai kayan, ke kika sani. Da kin ce min Iya ba za ta ji ba, da ni da kaina zan hau in kwance.

Ka ji fa. Ni ina ganin ladabi na yi masa, ashe bar shi na yi cikin duhu, uwarsa ce fa. Har ya rasu in muka haɗu sai ya kawar da kai, ba don fushi ba.

Shi ya sa nake ce maka Alhajin nan naku ba mugu ba ne. Mutumin da ya tsaya aka gina bene don mata ba ƙin su yake ba. Bai taɓa sallah a can ba ne, kuma ba zai taɓa yi ba. Duk kwamitin nan ba wanda ya taɓa tsayawa a sahun mata. Ku maza kuna ganin liman, in ba ku gan shi ba kuna ganin na gabanku. Mu a sama ba mu da komai sai kunne. Wata shekara a sallar asham, a wani masallaci da ba sai na faɗi suna ba, murya ta ɓace mana muna sujada. Muka yi ta zama goshi a ƙasa, kowa na jiran kabbara, har wuyana ya ƙage. Wata ta gaji ta ɗago, ta ga ta taga maza har sun fara neman takalma. Rabinmu dariya, rabinmu kuka, wata tsohuwa na ta tambaya to yanzu sallarmu ta yi ko ba ta yi ba? Ba wanda ya sani a ƙasa. Washegari ma haka za a yi da ba mu aika an faɗa ba.

To ga abin da nake so ka yi, in ka ga ya dace, don kai ka san mutanenka. Ka fara gaya wa ogan ku na kamfani, kada ya ji daga sama. Sannan ka nemi Alhaji kafin Litinin, shi kaɗai, ba gaban kwamiti ba, babba ba ya son a gyara masa magana gaban mutane. Ka je gida ka gaishe shi sosai, ka tambayi iyali, kada ka yi sauri. Kada ka buɗe masa takarda, ya riga ya soke ta, in ka sake buɗewa gardama ce. Ka ce, Alhaji, alfarma nake nema, a zo a taya ni jin wani abu. Ka ɗauki sifika ɗaya ka ajiye a gaba inda ya ce. Ka hau da shi benen nan a hankali, ka zaunar da shi can sahun baya, a ƙasa, yadda mace za ta zauna. Ka rufe ƙofar bene, ka kunna fankoki duka. Ka tara magina da leburori a ƙasa su yi ta hira. Sai wani ya ɗauki makirfo ya yi karatu da muryar liman, ba ihu ba. Kai kuma ka yi shiru. Kada ka ce ka gani ko Alhaji. Bar shi ya ji da kunnensa. In ya ɗan jima sai ka ce, Alhaji, nan Hajiya za ta zauna da azumi tana jin tafsiri.

In da hali ka roƙe shi a kira malamar da ke koyar da matan unguwar ta zo ta faɗi abin da suke bukata. Wataƙila ta gaya maka abin da ni da kai ba mu yi tunani ba. Talabijin ɗin nan ma, ni ban san kansa ba, amma ka duba kada ya kalli taga, na taɓa ganin an kunna na biki a rana ba a ganin komai sai fuskokinmu. Kuma ka tambaye su ko gaban sahu suke son shi ko gefe, kada ka sa wa mutane hoto a alƙibla su zo suna rufe shi da hijabi.

In duk ka yi ya ce a'a, to kada ka yi fushi, kada ka ajiye aiki, masallacinsu ne. Amma ka roƙi abu ɗaya, a bar ka ka bi da bututu da waya cikin bango har sama tun kafin masu filasta su rufe. Ka bar bakin wayar a can ka rufe da murfi. Ranar da mata suka aiko da kuka, kuma za su aiko, sifika kawai za a rataya, ba sai an fasa bangon masallaci ba. Ka kuma gaya masa a fili, da ladabi, Alhaji zan yi yadda aka ce amma na sama ba za su ji ba. Ya fito daga bakinka ya shiga kunnensa. Ko ya ɓata rai, na ɗan lokaci ne. Kada ka bari wata rana dattijo ya cire hula ya ce maka me ya hana ka gaya min.

Na san kana tsoron a ce yaro daga zuwa ya fara musu da manya, a karɓe aikin a ba wani. Zai iya faruwa, ba zan yi maka ƙarya ba. In ya faru ka dawo gida, ɗakinka na nan, wani aikin zai zo. Amma ni ban ga alamar haka ba.

Juma'ar da za a buɗe zan zo in sha Allahu. Zan shiga motar safe, ba sai ka zo tasha ba, kana da aiki. Zan hau benen nan in zauna sahun ƙarshe cikin tsofaffi, ƙarƙashin fanka, ba zan gaya wa kowa ni ce uwarka ba. In liman ya ce Allahu akbar na ɗago tare da shi, ta gefena ma ta ɗago, to ka gama min komai.

Allah ya yi maka albarka Abba. Allah ya tsare ka daga sharrin wuta da faɗuwa daga tsani, ka riƙa kashe layi kafin ka taɓa waya ko da an ce an ɗauke. Allah ya sa maka kwarjini a idon manya, ya ba ka bakin magana, ya sa aikin nan ya zama sanadin alheri gare ka da babanka a kabarinsa. Ka riƙe sallah, ka ci abinci, ka gaida

Tsaya, ana buga ƙofa. Ina zuwa! Wane ne? Bari in je, kamar ba za su haƙura ba. Ka kira ni in kun sauko daga benen kai da Alhaji, ba kafin nan ba. Allah ya tsare min kai, ina zu